Gwangwanin Abarba a Kabad ɗin Inna

Ni ba na shan taba, ba na kallon ƙwallo, ba na zaman majalisa. Idan na rufe ɗan shagona na gyaran fanka da dutsen guga a Gusau, abin da nake yi don in huta shi ne zagayen kasuwa. Ba saye nake zuwa yi ba, kallo ne. Na fi son layin 'yan kayan miya, lokacin da aka yayyafa wa alayyafo ruwa, tattasai yana ƙyalli a kan buhu, mai daddawa ta buɗe ƙwaryarta. Sai in goya hannuwana a baya in bi a hankali, in tsaya wajen 'yan hatsi in ga yadda suke cika tiya har ta yi tsororo, in wuce wajen masu busasshen kifi, in dawo gida raina fes kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

Abu ɗaya ne yake ɓata mini kasuwa, shi ne ɗanɗano. Mai gyaɗa zai miƙo maka, mai dabino zai ce taɓa ka ji, mai ƙuli-ƙuli ba za ta bari ka wuce ba. To idan ka ci ba ka saya ba, wannan ƙwayar gyaɗar a wuyan wa take? Da farko nakan ce musu azumi nake yi. Da na zauna na duba, sai na ga na guje wa cin haƙƙi na faɗa cikin ƙarya. Sai na koma yin azumin da gaske, Litinin da Alhamis, ina zuwa kasuwa a ranakun kawai. Daga baya kuma na shiga tunanin ko azumin da aka yi don kallon tattasai yana da lada. Matata ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ƙwayar gyaɗa ta mayar waliyyi ba sai ni.

Ana haka aka buɗe wani babban kanti a cikin gari, mai ƙofar gilashi da maigadi. Ranar da na fara shiga na ce to, wannan domina aka yi. Babu mai kiranka, babu mai miƙo maka komai, babu ciniki. Kaya ne a jere tun daga ƙasa har sama, madara da taliya da man gyaɗa da sabulu, kowanne da rubutu a jikinsa. Ni iyakata firamare, amma ina son karatu. Duk abin da aka rubuta sai na haɗa baƙaƙensa ko da ban san ma'anarsa ba. Yau in yi layin shayi, gobe in yi layin biskit. Sai dai shi ma kantin yana da nasa nauyin, wato sanyin esi. Na san janareta ake tayarwa a bayan ginin, na san mai yake sha, kuma sana'ata kayan wuta ce, ba wanda zai gaya mini sanyi kyauta ne. Don kada in sha wa mutane sanyi a banza, duk shigar da na yi sai na sayi ashana. Yau kowace durowa ka buɗe a gidana ashana za ka tarar. Matata takan ce ranar da gobara ta tashi a unguwarmu, Allah ya kiyaye, ba sai an yi bincike ba.

A kantin nan na gamu da gwangwanin abarba. Ƙarshen watan azumi ne, ana zafi, na shiga na daɗe kusa da firji fiye da abin da ashana za ta iya wankewa. Na ɗauko gwangwanin don in karanta. An zana abarba a jikinsa, an yanka ta zobe-zobe, tana iyo cikin ruwan sukari. Na juya shi, na sake juyawa, har ƙarfen ya ɗauki ɗumin hannuna. Sai wata ma'aikaciyar kantin ta zo cikin ladabi ta ce ko ta kai mini wajen biya. Na so in ce kallo nake yi, amma na riga na ɗumama musu kaya, kuma gumin yatsana ya fito a takardar. Na bi ta a baya kamar ragon layya. Da na fito, a bakin ƙofa ga mai baro yana sayar da abarba ta gaske, da ganyenta da ƙamshinta. Ko kallonsa ban iya yi ba.

Matata ta ce tunda an riga an yi ɓarnar, a kai wa Inna tsarabar Sallah. Inna ita ce mahaifiyarmu, tana Bungudu a gidan da aka haife mu, kuma can muke taruwa kowace Sallah. Ni da iyalina daga Gusau. Babban wanmu, da muke kira Yaya Alhaji, shi ma daga Gusau, amma unguwar masu dogayen katangu. Sai yayarmu da take aure a Tsafe, da ƙanne da jikoki da surukai. Saboda halin da hanya take ciki, da hantsi ake isa, ana yin la'asar kowa ya kama gabansa. A ɗan tsakanin nan ake cin tuwon shinkafa da miyar taushe da waina da hoce, a gaisa, a tono faɗan bara, a shirya, a ɗauki hoto. Ni kuma a jera mini duk wata fanka da tocila da rediyo da suka mutu a unguwar tun waccan Sallar.

Ina sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida leda ta yage, gwangwanin ya faɗi ya bugi dutsen da ke bakin zaure. Ya lotsa a kusa da gindi, kamar an danna babban yatsa a malmalar tuwo. Na so in rufe wajen da tafin hannu, amma ɓoye aibin kaya ba kyau, sai na miƙa wa Inna shi ta wajen lotsawar, ina bayani. Ba ta saurare ni ba. Ta sa albarka, ta goge shi da gefen zanenta, ta buɗe kabad ta ajiye.

Wanda bai san kabad ɗin Inna ba zai ɗauka wurin ajiya ne. Tasha ce. A gidanmu ba a zuwa hannu rabbana, kuma Inna ba ta barin kowa ya tafi hannu rabbana, ita kuwa ba ta da gonar da ke fitar da madarar gwangwani. Saboda haka abin da na Gusau suka kawo da safe, shi na Tsafe za su tafi da shi da yamma. Abin da na Tsafe suka kawo ya jira Babbar Sallah, ya bi wata 'yar ƙanwar Inna zuwa Rawayya. Idon Inna ya daɗe da yin rauni, amma ba ta taɓa kuskuren mayar wa mutum abin da ya kawo ba. Su ma waɗanda aka ba ba buɗewa suke yi ba. A danginmu abin kanti ba na ci ba ne, na fita kunya ne. A ɗora shi a kan talabijin baƙi su gani, ranar suna ko dubiya a sa shi a baƙar leda a wuce da shi gaba. Ana yabon danginmu da kyauta har a garuruwan maƙwabta, kuma gaskiya ne, sai dai idan aka bi diddigi, kayan da ke wannan yawon ba za su cika kwali ba.

Bayan wani lokaci na je Tsafe gaisuwa, na tarar da gwangwanina a kan talabijin ɗin yayarmu, an ɗora masa furen roba. Ta lotsawar na gane shi. Yaya ta ga ina kallonsa, ta ce Inna ta ba ta, wai daga Kano aka kawo. Daga nan sai dai in ji labarinsa a bakin matata, don ita ma ta san lotsawar, kuma ba ta fashin gidan biki. Ta gan shi a wani suna a Wanke. An kai shi dubiyar wani tsoho a Mada, tsohon ya warke bai buɗe ba. Akwai shekarar da ya bi wata Bafulatana mai kai nono da man shanu gidajen danginmu, ya yi damina a ruga, ya fito ta hannun wani mai sayen shanu. Duk gidan da ya kwana sai asalinsa ya ƙara nisa. Daga Kano ya koma Legas, daga Legas ya tsallaka ruwa.

'Yata da ke goye a shekarar da na saye shi ta riga ta shiga firamare lokacin da ya dawo. Wata Sallah Yaya Alhaji ya iso a mota, aka shigo da kaya, ya sa hannu da kansa ya zaro wani abu naɗe a takarda mai ƙyalli. Ya ce wa Inna wannan na musamman ne, wani abokin harkarsa ya zo masa da shi daga Dubai. Aka warware. Takardar jikinsa ta koɗe, abarbar da aka zana ta koma launin ƙasa, amma lotsawar tana nan. Daga can cikin mata na ji matata ta yi wani ɗan tari. Dangi suka yi ta karɓa suna juyawa, ana cewa kayan waje daban ne, ko nauyinsa ba irin namu ba. Da ya zo hannuna na ce ma sha Allah. Ban yi ƙarya ba, ikon Allah ne.

Wannan karon Inna ba ta wuce da shi gaba ba. Ta ba shi tsakiyar kabad, ta ce abin da ɗan fari ya kawo daga wata ƙasa ba ya fita daga ɗakinta.

Da a nan ya tsaya, da ban sami abin rubutawa ba. Wata rana a kanti na tarar da ma'aikata suna kwashe gwangwanaye daga kanta suna zubawa a kwali. Na tambaya ko tashi za su yi. Ɗaya daga cikinsu ta ce a'a, waɗannan lokacinsu ne ya wuce. Ta kifa ɗaya ta nuna mini wasu ƙananan lambobi a gindinsa. Shekara da shekaru ina karanta gaba, ashe maganar tana gindi. Ta ce wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya kumbura, irin wannan ko kare ba a ba. Ranar na fita ko ashana ban saya ba. Sai da na kai gida na tuna, na koma na saya.

Zuwan da na yi Bungudu bayan nan, kafin in gama gaisuwa idona yana kan kabad. Gwangwanin ya kumbura sama da ƙasa, ba ya ma zama daidai. Idan babbar mota ta wuce a titi sai ka ga yana rangaji a bayan gilashi. Na kewaya na kewaya, sannan na tambayi Inna ko ta lura ya ɗan canza. Ta ce ta lura.

"Ƙiba shika yi," in ji ta. "Abin kirki in ya samu inda anka riƙe shi da daraja, ai sai ya ƙaru."

Na dawo Gusau ina ta lissafi. In na ce wa Inna ya lalace, na ce kyautar ɗanta na fari guba ce. In na ce ya tsufa, za a tambaye ni yadda aka yi na sani, daga nan Dubai ta rushe a kan Yaya Alhaji a gaban iyalinsa da surukai, da shi da duk wanda gwangwanin ya taɓa kwana a gidansa. In na yi shiru kuma wani ya ci, ni na saya. Matata ta ce in kwantar da hankalina, a dangin nan wa ya taɓa buɗe gwangwani? Wannan magana ta riƙe ni har azumi ya zagayo. Sai Yaya ta Tsafe ta kira ni a waya tana dariya, ta ce albishirinka. Inna ta yi ɗan zazzaɓi ta warke, ta ce ba za ta mutu ta bar abin da za a yi rigimar gado a kansa ba. Wannan Sallar za a buɗe gwangwanin bayan an ci tuwo, a raba wa jikoki, kowa ya lashi Dubai. Cikin jikokin nan har da nawa.

Washegari na koma kanti na sayi wani, irinsa sak, bayan na kife shi na duba gindinsa har sai da na tabbata. Amma sabo ne fil, yana ƙyalli kamar ango. Na kai shi shago na fara tsufar da shi. Na naɗe guduma da tsumma na lotsa shi a inda ya kamata. Na ɗora shi a kan kwanon shago rana ta ci takardar. Na shafa masa ruwan shayi, na goga toka, na kankare gefe da farce. Maƙwabcina mai walda ya leƙo ya ce shi ya san ni da gyaran abin da ya lalace, yaushe na koma lalata mai kyau? Na ce masa aiki ne na iyali. Komai ya yi daidai, ƙibar ce kawai ta gagare ni.

Sai kuma tambaya ta taso mini: musanya ba da sanin mai abu ba, ba sata ba ce? Na tari limamin masallacinmu bayan la'asar, na ce ina da fatawa ta wani. Idan mutum ya ɗauki abu a ɗakin mahaifiyarsa ya ajiye wanda ya fi shi, irinsa, ba ta sani ba, mene ne hukuncinsa? Malam ya gyara zama ya tambaya ko zinariya ce. Na ce a'a. Ya ce takardar fili? Na ce gwangwani ne. Ya daɗe yana kallona, don ya san ni tun maganar gyaɗa. Ya ce, "Malam, je ka gida ka jira shan ruwa." Na ɗauki wannan a matsayin bai hana ba, ko da yake bai ce ya halatta ba, kuma wannan ma ya dame ni.

Ranar Sallah na sa babbar rigata mai zurfin aljihu na zura gwangwanin a ciki, saboda daga Idi tasha za mu wuce, kuma duk ledar da aka shiga da ita gidan Inna sai jikoki sun leƙa. Na yi ruku'u ya yi lilo ya doki gwiwata. Na yi sujada ya riga goshina isa ƙasa, ya ce ƙwal. Mutumin da ke damana ya ɗan matsa, bayan sallama kuma ya ɗauki dardumarsa bai tsaya huɗuba ba. Ina ta so in bi shi in ce masa abarba ce, amma na rasa ta inda zan fara.

A Bungudu na tarar da ɗakin Inna cike da mata, ana ta gaisuwa da gwada lalle. Tunda nake ban taɓa neman fankar da zan gyara ranar Sallah ba sai ranar. Ta Inna kuwa lafiyarta lau, tana ta juyi. Na tsaya na karkata kai na ce ina jin tana wani ƙara. Wannan ba ƙarya ba ne, kowace fanka tana ƙara. Na ce a ɗan ba ni wuri, aikin wuta ba a yin sa a cikin jama'a. Suka fita suna cewa baƙon Gusau ya zo da iyayinsa. Makullin kabad yana ɗaure a bakin zanen Inna, amma ina da sukundireba. Na kwance ƙusoshin marfin, na ɗauko tsohon, na ajiye sabon, na juya lotsawar ta fuskanci inda take fuskanta. Na mayar da marfin.

Tsohon gwangwanin ya yi tauri kamar fatar ganga. Na sa shi a aljihu na fito ina tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Nan jikoki suka yi kaina suna barka da Sallah, wannan ya rungumi ƙafa, wannan ya ja riga. Na ɗaga gefen rigar sama da hannu biyu ina cewa a hankali, a hankali. Yaya ta Tsafe ta ce wai duk don kada a taɓa aljihu ne, rowa dai ba ta tsufa. Tuwon ranar a tsaye na so in ci, amma aka ce ba tarbiyya, sai na zauna a karkace na miƙe ƙafa ɗaya.

Da aka kwashe kwanoni, aka gyara tabarmi a inuwar dogon yaro. Inna ta kwance makulli ta shiga ɗaki, ta fito riƙe da gwangwanin a hannu biyu, ta zauna a kujerarta. Jikoki suka yi layi. Yaya Alhaji ya gyara hula. Inna ta shafa saman gwangwanin da babban yatsa, ta shafa gindinsa, ta ɗan jinjina shi. Ta sake shafawa.

"Wanga ya rame," in ji ta.

Yaya Alhaji ya yi sauri ya ce ai kayan waje haka suke, suna bin yanayi. Na ga Yaya ta Tsafe ta juya ido a hankali tana bin surukai da kallo, har ta tsaya a kan amaryar ƙanenmu, wadda ita ke share wa Inna ɗaki. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba don ta yi komai ba, sai don an kalle ta. Wannan ban lissafa da shi ba. Na tsare cikin jikoki, na tsare fuskar Yaya Alhaji, ga shi zan bar baiwar Allah da tabon da za a riƙa tuna mata kowace Sallah. Na buɗe baki.

Kafin in ce komai Inna ta ɗago fuska ta dube ni. Ta sauke kallon zuwa rigata, wadda ta rinjaya gefe ɗaya kamar jakin da aka yi wa lodi a ɓangare guda. Ta daɗe tana kallo da idon nan da ake cewa ba ya gani.

"To, ai kowa ya yi azumi ramewa shikai," ta ce. "A kawo wuƙa."

Aka yi dariya, Yaya ta Tsafe ta ɗauke idonta daga kan amarya. Ni aka miƙa wa wuƙar, tunda ni ne mai aikin ƙarfe. Na durƙusa a karkace na huda shi, bai yi tsaki ba, bai yi kumfa ba. Ga zobban nan rawaya suna iyo yadda aka zana. Aka yayyanka su ƙanana-ƙanana, kowane jika aka ɗora masa a tafin hannu. Ruwan kuma aka juye a jug aka ƙara na randa, don manya su ma su shaida. Yaya Alhaji ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce haka suke yin ta a can, tamu ta nan tsami ya yi mata yawa. Yaya ta Tsafe ta ce ita ƙamshin jirgin alhazai ta ji. 'Yata ta ce mangwaro ya fi daɗi, aka ce uwarta ba ta koya mata magana ba.

Da aka yi la'asar Inna ta zauna a gaban kabad ta fara sallama. Madarar da Yaya Alhaji ya kawo ta tafi Tsafe. Taliyar Tsafe ta shiga jakar matar Yaya Alhaji. Sabulun da muka kawo aka ba amarya. Ni na zo a ƙarshe, na durƙusa ina tallafe da aljihu. Ta sa mini albarka, ta sa wa yara, ba ta miƙo komai ba. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kai naka na aljihunka. Dama kai ka kawo shi, shekarar da ka yar da shi bakin zaure. Ban taɓa maida ma mutum abinai ba sai yau."

Na fara yi mata bayanin lambobin da ke gindi da abin da ma'aikaciyar kanti ta ce. Ta katse ni.

"Tashi, rana na yi. Kuma ƙusa guda ta kabad na ƙarƙashin gado, ka maida min ita kahin ka tahi."

A mota a cinyata na riƙe shi har Gusau, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Matata ta ce in jefar ta taga. Na ce makiyaya suna bin gefen titin nan da dabbobi, wani zai tsinta. Ta ce to mu jefa a masai. Na ce abinci ne fa, ko ya lalace. Kuma idan ya fashe a ƙarƙashin mutum? Ta ce to in kai shi Dubai. A ƙarshe bayan shago na haƙa rami na sa shi, na ɗaura doguwar ƙusa a bakin gora, na tsaya daga nesa na buga. Ya yi wani dogon huci. Mai walda ya fito yana toshe hanci yana tambaya me ya mutu. Na ce masa aikin iyalin nan ne aka gama. Na rufe ramin na danne da dutse, kuma har yanzu nakan leƙa in ga ko kare ya tona.

Wanda aka buɗe kuwa, Inna ta wanke shi ta kife a tsakiyar kabad, bakinsa a ƙasa. Baƙi suna zuwa ana nuna musu. Yaya Alhaji ya yi alkawarin wani idan abokinsa ya sake tafiya, kuma tun ranar nake sa wa matata ido a gidajen biki, ko akwai wani gwangwanin da ke yawo.

Har yanzu ina zuwa kanti, sai dai yanzu ta gindi nake fara karatu, kuma maigadi yana kirana mai ashana. Tsarabar Inna kuwa a tsohuwar kasuwa nake yin ta: ayaba da ta nuna sosai, burodi, tumatir, abin da ko an so a tura shi Tsafe ba zai kai wata Sallah ba. Sallar da ta wuce na ji tana faɗa wa Yaya ta Tsafe, a gabana, tana ɓare ayabar tana ci, cewa wanga yaro ya lalace, kyautarshi ba ta kwana.